Wane Ne Mai Kagarar Caernarfon?



A shekarar 2017 gwamnatin yankin Wales, wanda ke yammacin tsibirin Birtaniya, ta bayyana cewa za ta kafa wani ƙaton zobe na ƙarfe a gefen tsohuwar kagarar garin Flint, domin ƙawata wurin da jawo masu yawon buɗe ido. An ware wa aikin kusan fam 400,000, aka kuma raɗa masa suna Zoben Ƙarfe. Tun kafin a kafa ko da ƙusa ɗaya, gari ya ɗauki zafi. Cikin 'yan kwanaki mutum fiye da 10,000 suka sa hannu a takardar koke suna neman a fasa. Dalilinsu shi ne, zoben ƙarfe suna ne da aka daɗe ana kiran jerin kagaran dutse da Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya kewaye arewacin Wales da su, bayan ya ci ƙasar da yaƙi fiye da shekara 700 da suka wuce. Ala tilas gwamnati ta dakatar da aikin, daga bisani ta soke shi baki ɗaya.

Wanda ya ji labarin nan daga nesa zai iya cewa, ina ruwan mutanen yau da abin da ya faru tun zamanin kakannin kakanni? A ganina mutanen nan suna da gaskiya, kuma gaskiyar tasu ta cancanci a tsaya a yi nazarinta. Ba su ce a rushe kagarar Flint ba, ba su kuma hana baƙo zuwa ya gan ta ba. Abin da suka ƙi shi ne a ba da labarinta da bakin wanda ya gina ta, a kuma biya kuɗin hakan daga aljihun jikokin waɗanda aka gina ta dominsu. Ra'ayin da nake so in kare a wannan rubutu ke nan: al'ummar da ta gāji ginin wanda ya mallake ta, wajibinta ne ta adana ginin, ta kuma riƙe labarinsa a hannunta da harshenta. Kafin mu kai ga hujja, bari mu san wurin da mutanensa.

Wales ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai da yawan ruwan sama, mai mutane kimanin miliyan uku da dubu ɗari. Suna da harshensu na kansu, wanda ya girmi Ingilishi a tsibirin, kuma Ba'ingile ba ya jin sa sai ya koya. Sunan Wales ɗin ma ba su suka sa wa kansu ba. Ya samo asali ne daga wata kalma ta tsohon Ingilishi mai nufin baƙi, wato maƙwabta suka kira su baƙi alhali suna zaune a ƙasar kakanninsu. Su kuwa suna kiran ƙasarsu Cymru, kansu kuma Cymry, ma'ana 'yan ƙasa ɗaya. Abin da nake kira kagara a nan shi ne gidan yaƙi mai kauri na dutse, mai hasumiyoyi da ƙofofi masu tsaro, wanda sarki ko hakimi ke zama a ciki da dakarunsa. Ana yawan cewa an gina irinsu fiye da 600 a wannan 'yar ƙaramar ƙasa, kimanin 100 kuma suna tsaye har yau, wasu cikakku, wasu kufai.

Mafarin yawan nan shi ne shekarar 1066, lokacin da mayaƙan Normandi suka ƙetaro daga arewacin Faransa suka ci Ingila. Sabon sarki, William, ya zaunar da manyan jarumawansa a kan iyakar Wales, ya sakar musu mara su ci duk ƙasar da takobinsu ya iya ci. A 1067 aka fara ginin kagarar Chepstow a kan wani tsauni da ke bakin kogin Wye. Yawancin kagaran farko ba na dutse ba ne: a tara tudun ƙasa, a kafa hasumiyar katako a samansa, a kewaye da shinge da gwalalo. Da zama ya yi zama sai aka riƙa maye katako da dutse. Haka aka yi ta tafiya shekara kusan 200, yau baƙi su ci wani kwari, gobe 'yan ƙasa su ƙwace shi.

Sarakunan Wales ma ba su zauna hannu rabbana ba. Sun koyi dabarar, suka gina nasu. Mafi ƙarfinsu su ne sarakunan Gwynedd da ke arewa maso yamma, inda duwatsu suka fi tsawo. Llywelyn Babba, wanda ya rasu a 1240, shi ake danganta wa kagarun Dolbadarn da Dolwyddelan da Castell y Bere da Criccieth. Ƙanana ne idan aka gwada su da na Ingilishi, an ɗora su a kan duwatsu suna gadin mashigai da makiyaya, domin arzikin mutanen a dabbobi yake. Jikansa, Llywelyn ap Gruffudd, wato Llywelyn ɗan Gruffudd, ya kai ƙarfin da a 1267, a yarjejeniyar Montgomery, Sarki Henry na Uku na Ingila ya amince da shi a matsayin Yariman Wales. Tsoron ƙarfinsa ne ya sa wani babban hakimin Ingila, Gilbert de Clare, ya fara gina kagarar Caerphilly a kudu a 1268, wadda ta mamaye kimanin eka 30, aka kewaye ta da tafkunan da aka tare da hannu. A duk Birtaniya Windsor kaɗai ta fi ta girma.

Sai dai Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Al'adar gadon Wales ita ce a raba ƙasa tsakanin 'ya'ya maza, saboda haka kusan kowane gidan sarauta yana fama da rikicin 'yan'uwa. Llywelyn ya tsare wansa Owain fiye da shekara 20, ƙanensa Dafydd kuwa ya sha sauya sheƙa zuwa wajen Ingilishi. Da Edward ya hau gadon Ingila a 1272, Llywelyn ya ƙi zuwa yi masa mubaya'a. A 1277 Edward ya ɗaura yaƙi, kuma dubban sojojin da ke cikin rundunarsa 'yan Wales ne daga wasu sassan ƙasar. Aka rage wa Llywelyn ƙasa, aka fara gina kagarun Flint da Rhuddlan da Builth da Aberystwyth. A 1282 Dafydd, wanda ya ga Ingilishi ba su saka masa yadda ya zata ba, ya tayar da bore, wansa ya shiga ya taya shi. Ran 11 ga Disamba na wannan shekara aka kashe Llywelyn kusa da Cilmeri, aka kai kansa Landan. A 1283 aka kama Dafydd aka yi masa mummunan kisa a Shrewsbury. Jaririyar da Llywelyn ya bari, Gwenllian, aka kai ta gidan mata masu zaman ibada a Sempringham, can gabashin Ingila, inda ta zauna har ta rasu a 1337 tana da shekara 54, ba ta yi aure ba balle ta bar magaji.

Daga nan aka shiga aikin gini irin wanda Turai ta jima ba ta ga kamarsa ba. Edward mutum ne da ya ga duniya. Ya je yaƙin Salibiyya a Akka a 1271, zamanin Sultan Baybars na Masar, a hanyarsa ta komawa gida kuma ya ratsa Savoy, ƙasar dangin mahaifiyarsa da ke tsaunukan Alps. Daga can ya samo sarkin maginansa, James na Saint George. A 1283 aka kafa harsashin Conwy da Harlech da Caernarfon kusan lokaci guda. An tattaro magina da maƙera da kafintoci da mahaƙa daga gundumomin Ingila da dama, wasunsu bisa tilas. A Harlech kaɗai ma'aikata sun kai kimanin 950 a daminar 1286. Conwy da ganuwar garinta sun ci kusan fam 15,000, aka kuma gama su cikin shekara huɗu zuwa biyar. A wata wasiƙa ta 1296 masu kula da ginin Beaumaris sun lissafa magina 400 da lebura 2,000 da masu fasa dutse 200, da jiragen ruwa 30 masu jigilar kaya, suna kukan cewa ma'aikata na guduwa saboda rashin biya. Jimillar abin da Edward ya kashe a kan kagarun Wales ta kai wajen fam 80,000, kuɗin da ya sa ya yi ta cin bashi wurin 'yan kasuwar Italiya, yana kuma ɗora wa talakawansa haraji.

Hikimar ginin abin a yaba ce, ko da mutum yana ƙin manufarsa. Kusan duk sababbin kagarun a bakin teku ko bakin kogi aka dasa su, domin in 'yan ƙasa sun toshe hanyoyin tudu, jirage su kawo abinci da makamai. A Rhuddlan sai da aka miƙar da kogin Clwyd, aka zurfafa shi na tsawon mil biyu zuwa uku don jirgi ya iso gindin bango. A Harlech an sassaƙa doguwar matakala daga kan dutse zuwa bakin ruwa. A Harlech da Beaumaris an yi bango cikin bango, na ciki ya fi na waje tsawo, ta yadda maharban ciki za su yi harbi ta saman kawunan 'yan'uwansu na waje. Wanda ya keta ƙofar farko zai tarar da kansa a wani siririn lungu, kibau na zubo masa ta ko'ina. Saboda wannan tsari dakaru 30 zuwa 40 sun isa su riƙe kagara guda a gaban runduna.

Amma yaƙi rabin manufar ne kawai. Sauran rabin shi ne a karya zuciya. An shafe bangon Conwy da farar ƙasa don a hango ta daga nesa tana ƙyalli. Wurin da aka gina garin kuwa, wurin ibadar da aka binne Llywelyn Babba ne, aka tashe shi aka mai da shi Maenan. An kwashe katakon Dolbadarn aka kai ginin Caernarfon. Ita Caernarfon an yi mata hasumiyoyi masu kusurwoyi da zanen duwatsu masu launi daban-daban, abin da masana da yawa suke ganin kwaikwayo ne na ganuwar birnin Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, don a nuna cewa sabon mai gida sarkin daula ne. A cikinta aka haifi ɗan Edward a 1284, shekarar da dokar Rhuddlan ta yanka ƙasar gunduma-gunduma irin na Ingila. A 1301 aka naɗa yaron Yariman Wales, kuma tun daga lokacin wannan sarauta ta zama ta magajin gadon Ingila.

A gindin kagarun an kafa garuruwa masu ganuwa. Ta Conwy tana da tsawon kilomita 1.3 da hasumiyoyi 21. An kawo baƙi daga Ingila aka ba su filaye da haya mai sauƙi da rangwamen haraji, aka kuma ba kasuwanninsu iko a kan cinikin yankin. Ɗan ƙasa zai kawo hajarsa ya sayar, amma ba a so ya mallaki gida a ciki. Da za a gina Beaumaris a tsibirin Anglesey, sai aka kwashe mutanen Llanfaes, gari mai tashar jirage da kasuwa mai ci, aka kai su wani gefen tsibirin, wurin da aka kira Newborough, wato sabon gari. A nan bambancin yake tsakanin waɗannan ganuwoyi da irin ganuwar Kano ko Katsina ko Zariya da muka sani. Tamu mutanen gari ne suka gina ta don su fake a cikinta da gonakinsu idan mahara sun zo. Ta Edward an gina ta ne don a kare baƙo daga mai ƙasa.

To, shin dutsen ya biya bukata? Ya biya, amma ba duka ba. A 1294 Madog ap Llywelyn ya yi tawaye, mutanensa suka faɗa Caernarfon tun ba a gama ta ba, suka cinna mata wuta. Edward da kansa sai da aka tsare shi a Conwy cikin hunturun wannan shekara. Wannan bore ne ya sa aka fara Beaumaris a 1295, wadda ake yaba wa da cewa ta fi duka kyawun tsari, amma kuɗi suka ƙare saboda yaƙin Scotland, har yau ba a kammala ta ba. Bayan shekara ɗari, a 1400, Owain Glyndŵr ya ɗaga tuta. A 1401 wasu 'yan'uwa biyu daga gidan Tudur suka ƙwace Conwy da dabara, ranar wata Juma'a mai tsarki ga Kirista, dakarun suna wurin ibada. A 1404 Harlech da Aberystwyth suka faɗa hannun Glyndŵr. Ya mai da Harlech fadarsa, ya kira majalisar ƙasa, ya ƙulla ƙawance da Faransa, har ya tsara kafa jami'o'i biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Kagarar da aka gina don a danne Wales ta zama hedkwatar 'yancinta na shekara biyar, kafin Ingilishi su karɓe ta a 1409. Glyndŵr ya ɓace a cikin duwatsu, kuma duk da tukwicin da aka sa, ba a sami wanda ya bashe shi ba.

Bayan haka zamani ya juya. A 1485 Henry Tudor, wanda aka haifa a kagarar Pembroke kuma yake da jinin Wales, ya hau gadon Ingila. Igwa ta rage wa dogon bango daraja. A yaƙin basasar Ingila aka sake tsugunawa a kagarun, Harlech ce ta ƙarshe da ta miƙa wuya a 1647, sannan majalisa ta sa aka farfashe da dama daga cikinsu don kada a ƙara fakewa a ciki. Rufi ya rufta, ciyawa ta tsiro, maƙwabta suka riƙa ɗibar duwatsu suna gina gidajensu.

A daidai lokacin da dutse ke lalacewa, wani makami da ya fi shi kaifi ya fito, wato alƙalami. Dokokin 1536 da 1543 sun haɗe Wales da Ingila, suka sa Ingilishi ya zama harshen kotu, suka kuma hana wanda ba ya amfani da shi riƙe muƙami. Sannu a hankali masu hannu da shuni suka yar da harshen iyayensu don neman matsayi. A ƙarni na 19, a wasu makarantu, akan rataya wa yaron da aka ji yana magana da harshen gida wani guntun allo a wuya, wanda allon ya kwana a wuyansa a ƙarshen yini ya sha bulala. A ƙidayar 1901 kimanin rabin mutanen Wales ke jin harshen. A ta 2021 saura mutum 538,300, wato kashi 17.8 cikin 100. Wannan asarar ba kibiya ce ta jawo ta ba. Ofis da aji da neman abinci suka jawo ta.

Abin da ya hana harshen mutuwa ma ba hasumiya ba ce. A 1588 William Morgan ya fassara littafin addininsu zuwa harshen Wales, aka riƙa karanta shi kowane mako a wuraren ibada, talakawa suka koyi karatu da shi. Iyaye mata suka ci gaba da yi wa 'ya'yansu magana da shi, mawaƙa suka riƙe gasarsu ta shekara-shekara da ake kira Eisteddfod. A ƙarni na 20 aka yi gwagwarmaya har aka sami makarantu masu koyarwa da shi, da tashar talabijin ta S4C a 1982, da dokar 1993 da ta 2011 da suka ba shi matsayi a hukumance. Yau gwamnatin Wales na da burin masu jin harshen su kai miliyan ɗaya kafin 2050. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Caernarfon. Garin da aka kewaye da ganuwa don kada ɗan ƙasa ya zauna a ciki, yanzu fiye da kashi 80 cikin 100 na mazaunansa da harshen Wales suke magana, a kasuwa da makaranta da gindin bangon Edward.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Tun 1984 hukumar Cadw, kalmar da ke nufin adanawa a harshensu, ita ke kula da yawancin manyan kagarun a madadin gwamnatin Wales. A 1986 hukumar UNESCO ta sa Caernarfon da Conwy da Harlech da Beaumaris cikin kayan tarihin duniya. Dubban ɗaruruwan baƙi na zuwa kowace shekara, garuruwan na cin abinci da su. Wasu na cewa tun da haka ne, a bar tone-tone, gini ne mai kyau, a bar baƙo ya ɗauki hoto ya biya ya tafi. Ina ganin hujjarsu, domin mai sayar da shayi a Conwy ba zai ciyar da iyalinsa da fushin 1283 ba. Amma wanda ya nuna wa ɗansa Beaumaris bai faɗa masa Llanfaes ba, ya koya masa sha'awar sarƙar da aka ɗaure kakansa da ita. Kuma kagarun ba su daina aikin siyasa ba. A Caernarfon aka yi bikin naɗa Yariman Wales a 1911, aka sake a 1969 lokacin naɗin Charles, wanda ya gamu da zanga-zanga, har wasu mutum biyu suka mutu a Abergele a jajibirin bikin sakamakon fashewar bam ɗin da suke ɗauke da shi. Ginin da aka zaɓa don irin wannan biki har a 1969, ba za a ce labarinsa ya mutu ba.

Wasu kuma, a ɗaya ɓangaren, gani suke kagarun abin kunya ne, bai kamata a kashe musu ko kwabo na jama'a ba, a bar su su ruguje. Su ma ban bi su ba. Na farko, kagarun shaida ce. Ba a kashe fam 80,000 don tsoron mutanen banza. Kaurin bangon Caernarfon ma'auni ne na irin tsoron da sarkin Ingila ya ji wa manoma da makiyayan Gwynedd. Na biyu, tarihin ba fari da baƙi ba ne. 'Yan Wales sun yi yaƙi a rundunar Edward, Llywelyn ya ɗaure ɗan'uwansa, Glyndŵr ya yi mulki daga Harlech. Wanda ya rushe ginin ya rushe har da babin da ya fi kowanne daɗi a gare shi, ya kuma rufe babin da ya kamata ya yi wa kansa faɗa da shi. Na uku, mai mulkin mallaka ba abin da ya fi so kamar a manta yadda ya shigo.

Hanya ta tsakiya ita ce wadda masu koken 2017 suka nuna. A gyara bango, a buɗe ƙofa, amma allon da ke bakin ƙofa ya faɗi wanda aka kora kafin a kafa harsashi, ya kuma faɗe shi da harshen ƙasa kafin na baƙo. Sannan a ɗaga darajar kagarun 'yan ƙasa. Dolbadarn tana nan da hasumiyarta mai da'ira a bakin tafki, Castell y Bere na kwance a wani kwari mai nisa, amma baƙon da ya san sunansu kaɗan ne idan aka gwada da masu tururuwa zuwa Conwy. A Cilmeri akwai dutsen tunawa da Llywelyn, inda mutane ke taruwa kowace Disamba. A Sempringham ma an kafa wa Gwenllian alama a 1993, bayan shekaru aru-aru ba mai ambatonta. Waɗannan ƙananan duwatsu su ne ke daidaita ma'auni da manyan.

Masu karatu da ke Ghana sun san irin wannan tambaya ba sai an ba su labari ba. Kagarar Elmina, wadda Turawan Portugal suka gina a 1482, da ta Cape Coast, sun shiga jerin UNESCO tun 1979. Ba wanda ya ce a rushe su, amma ba mai hankalin da zai zagaya da baƙo yana yaba kyawun farin bango ya tsallake kurkukun da aka tara bayi. A ƙasar Hausa kuwa matsalar ta juya: ganuwar Kano, wadda sojojin Ingila suka keta a 1903, kakanninmu ne suka gina ta da hannunsu, ga shi ruwan sama da masu neman fili suna cinye ta a gaban idonmu. Mutanen Wales suna adana har ginin abokin gaba, mu namu na kanmu yana zubewa.

Ba na cewa halinmu ɗaya da nasu. Mu da muke zaune a zangonni da unguwannin Hausawa a wajen ƙasar Hausa, ba wanda ya ci mu da yaƙi a inda muke. Fatauci da neman ilmi da hanyar aikin hajji ne suka kawo yawancin kakanninmu, masu ƙasa kuma suka karɓe su. Sai dai abu ɗaya ya haɗa mu: harshen da ba shi ne na ofis da makaranta ba, a hankali yake zubewa, ba tare da an harba ko kibiya ɗaya ba. Gida nawa ne a cikinmu uba ke yi wa ɗa magana da Hausa, ɗan yana amsawa da wani harshe? Dattawa nawa muka binne da tarihin kafuwar unguwanninmu a cikinsu, ba wanda ya zauna ya rubuta? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Wales sun sauko daga rabi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar a shekara 120, sai da suka tashi tsaye kafin zubar ta lafa, kuma har yanzu ba su huce ba.

Saboda haka amsata ga tambayar da na ɗora a sama ita ce: Edward ya biya kuɗin Caernarfon, James na Saint George ya tsara ta, amma yau ta yaran garin ce, waɗanda malaminsu ke shiga da su ta ƙofarta yana ba su labarin Llywelyn da Madog da Gwenllian da harshen da aka so a bari a bayan ganuwa. Za ta ci gaba da zama tasu muddin suna iya ba da labarin. Ranar da suka kasa, ta koma hannun mai ita na farko, ko da tutarsu ce ke kaɗawa a kan hasumiya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da aka bar mana, Ya sa mu miƙa shi ga na baya da kyau.